Ƙyauren da Mama Rifkatu Ta Cire

Ana sanar da dukan 'yan ikilisiyar Gidan Barde, da maƙwabta na kusa da na nesa, cewa ranar Asabar da ta wuce an mayar da ƙyauren ɗakin baƙi da ke bayan majami'a. Kafinta ya zo takanas daga Rimin Gado, ya kafa shi daram, har ya ƙara masa sakata ta ciki. Dalilin da dattawa suka bayar shi ne akuyar Baba Tanko tana shiga tana kwanciya a kan tabarma. Ina taya dattawa murnar wannan nasara da suka samu a kan akuya.

Ranar da aka yi wannan aiki, kwananki goma sha ɗaya da rasuwa, Mama Rifkatu. Kin bar mu ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, da hantsi, a ɗakinki, bayan jinyar wata biyu, kina da shekara sittin da bakwai. Ke kika cire ƙyauren nan da hannunki shekara tara da suka wuce, ni kuwa, sakataren ikilisiya, ina tsaye a gindin darbejiya ina yi miki dariya.

Kafin ki zama mai cire ƙyaure, unguwarzoma muka san ki. Rabin samarin da suka haƙa kabarinki ke kika yanke musu cibi, kuma ba duka ne 'yan majami'a ba. Hajiya Barira ta ƙauyen gabas ta zo gaisuwa da sandarta, ta zauna cikin matan zumunta, ta ce 'ya'yanta bakwai a hannunki suka faɗo, ba ki taɓa karɓar ko sabulu ba. Shekarar da matata ta kwanta ciwo, kullum da safe sai na tarar da kwanon kunun tsamiya a zaure. Da na je godiya, kika ce: "Sakatare, ba don kai ba ne. Na ga yadda kake dama kunu, na tausaya wa baiwar Allah."

Ga abin da ya kawo maganar ƙyaure, don waɗanda ba su sani ba, da waɗanda suka sani suka yi kamar sun manta. Al'adarmu ce idan baƙo ya sauka, mai bishara ne ko malamin waƙa, gidaje su riƙa kai masa abinci bi da bi, kuma yaro ake aika. Babba ba ya ɗaukar kwano ya ratsa gari, abin kunya ne. A waccan shekarar mun yi wani malamin waƙa, ya zo da takardar shaida mai hatimi. Bayan wata huɗu, wata yarinya 'yar shekara goma ta daina zuwa waƙa, ta daina cin abinci, in aka miƙa mata kwano sai ta fashe da kuka. Uwarta ta ce mayu ne. Ke kika zauna da ita yini guda kuna ɓarar gyaɗa, ba ki tambaye ta kome ba, har ta faɗa miki da kanta. Ba zan rubuta abin da ta faɗa ba, ba kuma zan ambaci sunanta ba.

Dattawa suka zauna, suka yanke shawarar da aka saba: a rufa asiri, domin mu 'yan kaɗan ne a wannan yanki, kada a yi da mu. A sallami mutumin cikin mutunci, a ba shi takarda ya nemi wani wuri. Ni aka ce in rubuta, tun da ni ne mai karance-karance. Na kuwa rubuta ta da kyau. Na ce mutum ne mai natsuwa, mai son yara.

Washegari kika same ni a zaure.

"Sakatare, ina takardar nan za ta kai shi?"

Na ce wata ikilisiya ce can wajen Shanono.

"Can ba su haihuwa?"

Na ce: "Mama, maganar dattawa ce, ni alƙalami ne kawai."

Kika ce: "To, alƙalami, ka gaida tawada."

Kika hau acaɓa a ranar, kika riga takardar isa. Kika dawo ta ofishin 'yan sanda. Dattawa uku sun yi shekara ba su amsa gaisuwarki ba. Da yammacin ranar da kika dawo kika ɗauki guduma, kika ɓamɓare ƙyauren ɗakin baƙi, kika rataya asabari, kika ce a naɗe shi daga wayewar gari har lokacin kwanciya. A nan ne na sa miki suna Sarkin Ƙyaure. Sunan ya bi ki, har yara suna kiranki da shi, kina amsawa.

Na ɗauka fushi ne, zai huce. Ashe tsari kike ginawa. Kika sa matan zumunta suka karɓi kai abincin baƙo, biyu-biyu, bisa jerin da kika rubuta a littafinki, suna ratsa gari da kwano a ka, kunyar ta mutu a mako na biyu. Makarantar Lahadi ba a ƙara barin babba ɗaya da yara ba, ko da Fasto ne. Fasto na lokacin ya ce kin mai da shi abin zargi. Kika ce masa ai shaida kika ba shi kyauta. Kika zaɓi mata uku, kika tara yara kika nuna musu su, kika ce duk abin da ya tsorata su, su faɗa wa ɗaya daga cikinsu, ba duka, ba tsawa. Takardar shaida kuwa, kika ce takarda ba ta da ido. Duk baƙon da ya zo da ita, sai an kira ikilisiyar da ya baro, kuma ba Fasto kaɗai za a nema ba, har da shugabar zumuntar matansu. Ni ne mai kiran. Kina tsaye a kaina, hannu a ƙugu, har sai an ɗauka. Na taɓa ce miki ko filin jirgin sama ba a yin wannan bincike. Kika ce a filin jirgi kaya ake tsarewa.

Sau uku kina kai maganar taron gunduma ana ɗage ta, sau na huɗu aka karɓa, ikilisiyoyi goma sha ɗaya suka rubuta ta a tsarinsu. Malam Sha'aban mai Islamiyya ya zo ya leƙa ɗakin nan marar ƙyaure. Bayan mako guda aka ga ya fasa taga babba a ajinsa, ya sa matarsa tana zama a baya.

Yanzu ga halin da kika bar mu. Ranar Alhamis, kafin zuwan kafinta da kwana biyu, wani baƙo ya sauka, zai koya wa yara waƙoƙin Kirsimeti. Ba na zarginsa da kome, wataƙila ya fi mu duka tsoron Allah. Ya ba ni takardarsa, na karanta. An ce mutum ne mai natsuwa, mai son yara. Na daɗe ina kallon layin nan, domin na san yadda ake rubuta shi. Ban kira kowa ba. Babu mai tsayawa a kaina.

Lokacin cirar gyaɗa ne, mata suna gona tun safe, jerin masu kai abinci yana cikin littafinki, littafin yana cikin akwati. Jiya da azahar na ga 'yar Iliya, wadda ba ta kai tara ba, ita kaɗai da kwano a ka, ta nufi bayan majami'a. Ƙyauren a rufe. Na tare ta, na karɓi kwanon, na kai da kaina, samarin da ke zaune a bakin shago suna kallona suna dariya. Da na koma gida na kira lambar da ke jikin takardar. A kashe take. Yau da safe ma a kashe take.

Na aika wa shugabar zumunta a gona, na kuma roƙi 'yarki Saratu ta fito da littafin. Gudumar ma tana wurinta. Ranar Lahadi bayan sujada zan tsaya gaban dattawa in ce a ɗaure akuyar.

Ubangiji ya karɓe ki cikin salamarsa, ya ba ki hutawa daga wahalarki, ya yafe miki kurakuranki, ya sa mu sadu a gabansa ba da kunya ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba Markus, abokin zamanki na shekara arba'in da takwas, da Saratu da ƙannenta, da jikoki, da matan zumunta, da maƙwabtanmu Musulmi da suka cika ƙofar gida kwana uku. Allah ya ba mu haƙuri, ya tsare yaran da kika tsare.

Na ce miki ƙyaure katako ne kawai, Mama. Ni ne ba ni da gaskiya.