Shirun Minti Tara a Jana'izar Yayana

Kullum ƙarfe takwas da rabi Renske Hoogland takan fito da kekenta, ta latsa taya da babban yatsa, ta jefa littafi da fensir biyu cikin jaka, ta nufi gidan da aka yi rashi. Shekara ashirin da shida ke nan tana haka a garinmu na bakin teku a ƙasar Holan, ko ana ruwa ko ana iskar nan mai neman tura mutum cikin kwata. Aikinta yin jawabi a jana'izar waɗanda suka bar wasiyya cewa ba sa son fasto ko addu'a a kansu. Ita ma ba ta yarda akwai wani abu bayan kabari ba, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba.

Idan ta shiga gida ba ta zama a falo, kicin take nema. Takan ce a falo duk mamaci mutumin kirki ne, a kicin ake jin ainihin halinsa. Nan za ta zauna awa biyu tana tambaya tana rubutawa. Ƙa'idarta ɗaya ce, ba ta faɗin abin da babu wani mai rai da ya shaida shi. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aikin, don kunnenta ya fara nauyi, ta ce wadda ba ta jin masu rai da kyau ba ta da hurumin yin magana a kan matattu.

Mai haƙar kabarin garinmu ya ba ni labarin wani tsoho da ya kwana goma sha ɗaya a mace cikin ɗakinsa kafin wari ya sa a fasa ƙofa. Ba dangi, ba aboki. Renske ta bi layinsu gida-gida har ta samu mai gidan burodi da ta tuna cewa rabin burodi yake saye, kuma yana tsayawa ya riƙe wa mutane ƙofa. Da wannan ta haɗa jawabi, ta sa rigarta mai kyau, ta karanta wa kujeru arba'in da babu kowa a kansu. Mai haƙar kabarin ya tambaye ta wa take yi wa, tunda a cewarta mutumin ba ya ji. Ta ce masa ba ta son zama a garin da ake saka mutum a rami ba a ambaci sunansa ba.

Amma ba don labarin wasu na ɗauki alƙalami ba. Nawa ne ya sa.

Gidanmu gidan addini ne mai tsanani. Bayan kowane cin abinci Baba yakan karanta Littafi Mai Tsarki, ba mai motsi sai ya rufe. Yayana Gerben yana da shekara ashirin da biyu ya miƙe daga tebur ana cikin karatun, ya ce ba zai ci gaba da yin kamar ya yarda ba. Daga ranar Mama ba ta ƙara yi masa magana ba. Layi huɗu ne tsakanin gidajensu, amma shekara ashirin da tara idan ta hango shi sai ta tsallaka titi. Ni ce a tsakiya, ba na zuwa coci, amma har gobe gabana na faɗuwa idan aka yi tsawa, don tsoron fushin Allah da aka raine mu da shi.

Ƙurar wurin gyaran jiragen ruwa inda Gerben yake aiki ce ta cinye masa huhu. Kafin ya cika ya rubuta a takarda cewa ban da fasto, ban da waƙar Zabura. Da na kai wa Mama labari ba ta yi kuka ba. Ta ce ba za ta je inda za a binne ɗanta kamar kyanwa ba. Ni kuwa na san kaina sarai. Idan ba ta zo ba, ba zan ƙara taka gidanta ba, a mako guda in rasa yaya in rasa uwa.

Renske na kira ta yi jawabin jana'izar. Ban nemi ta je wurin Mama ba, ita ta ce ba ta rubuta jawabin mutum ba ta ga wadda ta haife shi ba. Ranar farko a bakin ƙofa aka bar ta. Rana ta biyu na raka ta, aka ba ta kujera da kofi, amma ba a buɗe gwangwanin biskit ba, wanda a wurinmu ya fi zagi ciwo. Mama ta ƙare mata kallo.

"Ke da kike da bakin magana a kan matattu, faɗa mini. Ina ɗana yake yanzu?"

Na riƙa yi wa Renske alama da ido. Kalma biyu kawai nake so, ta ce ya huta, ko yana wuri mai kyau.

"Uwargida Roukema, a ganina babu inda yake. Ya rayu, ya gama," in ji ta. "Ke kin ga daban, ba kuma na zo in raba ki da abin da kika yarda da shi ba ne. Ranar Alhamis ƙarfe sha ɗaya za mu yi shiru na minti ɗaya. Abin da mutum ya yi a zuciyarsa cikin shirun nan, ba ruwana, ba ruwan Gerben."

Mama ta tashi ta ɗauke kofin tun ba a shanye ba. A waje na zazzage wa Renske baƙar magana, na ce ƙaryar kalma biyu me za ta rage ta da shi. Ta bar ni na gama, sannan ta ce tsohuwar da ta yi shekara tamanin tana sauraron wa'azi ba za ta kasa gane ƙarya ba, kuma wanda ka yi wa ƙarya don ka lallashe shi, ka riga ka raina shi. Na tsane ta a ranar, ba zan ɓoye ba.

Zauren makabartarmu minti arba'in da biyar ake ba kowane iyali, ba ƙari, don wasu na jira da tasu gawar. An fara da minti goma ƙofa ta buɗe. Mama ce, da baƙar hularta ta Lahadi, ta zauna a kujerar ƙarshe ba ta kwance ko maɓalli ɗaya na kwat ɗinta ba. Renske ta kai wurin da za a yi shiru, ta ce mu yi.

Minti ɗaya a ƙasarmu daƙiƙa sittin ne cif. Da ya wuce aka fara gyaran murya, ana motsa ƙafa. Na ɗaga kai na ga idon Renske yana can baya. Na waiga. Leɓɓan Mama suna motsi, hannuwanta a dunƙule, tana yi wa ɗan da ta yi imani ya hallaka addu'ar da ta riƙe shekara ashirin da tara. Mai kula da zauren ya nuna agogon hannunsa sau biyu, Renske ta yi kamar ba ta gan shi ba. Minti tara muka yi. Sai da bakin Mama ya tsaya sannan Renske ta juya shafi uku ba ta karanta ba, ta faɗi layin ƙarshe, aka ɗauki akwati.

Shafukan nan uku su ne rayuwar Gerben, kwana huɗu ta yi tana haɗa su, kuma babu wanda ya ji su a zauren. Abokinsa Wietse ya tare ta a bakin ƙofa yana huci, ya ce ta sace jana'izar mutumin ta miƙa wa coci.

"Wataƙila kana da gaskiya, Wietse," ta ce. "Amma Gerben ba ya jin komai yanzu. Ita tana ji."

Har yau Wietse ba ya gaishe ta. Mama ma a ranar ba ta gaishe ta ba, ta fita ba ta tsaya shan kofi ba. Ba ta sauya ra'ayi ba, ta rayu shekara biyu bayan nan, ta mutu tana ganin ɗanta yana wuta. Amma ni na kula da ita har ƙarshe, ni na riƙe hannunta, abin da ba zai taɓa yiwuwa ba da kujerar nan ta zauna babu kowa.

Renske, ke ce ba kya jiran lada daga ko'ina, ba kya tsoron hukunci daga ko'ina, kika yi aikin nan don kin yarda rai ɗaya ne, kuma abin da ba a kyautata wa mutum a nan ba, babu inda za a gyara masa. Ban san ko kina da gaskiya a kan kabari ba. A kan mutum dai kina da ita. Na gode, kuma ki yafe mini maganar ranar nan.

Ku da kuke karantawa, ko me kuka yarda da shi, wata rana wanda ba ku yarda da hanyarsa ba zai buƙaci lokacinku. Ku ba shi, ko da naku zancen ne zai tafi ba a ji ba. Sau ɗaya tak Mama ta ambaci Renske, saura 'yan kwanaki ta rasu, ina gyara mata matashi. Ta ce, "Matar nan da ba ta san Allah ba. Ta jira ni na gama."