Kyandir Tara a Radom

Ranar ziyarar kaburbura ce. Bogumil na sayar da kyandir na kunnawa a kan kaburbura a ƙofar maƙabartar garin Radom, a ƙasar Poland, sai ga wata tsohuwa tana takowa kamar ana buga mata badujala. Ta kai shekara casa'in. Kwat ɗinta ta koɗe, amma maɓallan sai ƙyalli suke, ga 'yar lambar yaƙi a ƙirji. Sandar hannunta kuwa ba ta dogarawa ba ce, ta nuni ce.

Tana duba kyandirorin ɗaya bayan ɗaya, kamar kuratan da suka makara fareti.

"Wannan lagwaninsa a karkace yake," in ji ta. "Fitar da shi daga layi."

Bogumil ya raya a ransa, lallai wannan ta ba maza oda a daji lokacin da Jamus ta mamaye ƙasar, kuma ba wanda ya ce ta maimaita. Tsokana ta motsa masa. Ya ƙame, ya kai yatsu biyu goshi irin na sojan Poland.

"An gama, ranki ya daɗe, Kyaftin!"

Ta dubi sanƙonsa. "Manjo dai. Kuma ba a sarawa babu hula, yaro. Wa ya koya maka?"

Yaron, mai jikoki huɗu, ya lalubo hularsa.

"Guda nawa za a ba ki, Manjo?"

"Tara. Mu goma muka shiga dajin."

Ta hana shi ɗaukar mata jaka. Tana shiga ƙofar, kafaɗa a miƙe, ya sake sara mata. Wannan karon da hula, kuma ba wasa.