Atamfar Maijego

Shekarata ta biyu ke nan ina koyon ɗinki a shagon wata Bayarbiya a unguwar Agege ta Legas, amma Madam ba ta taɓa bari na sa almakashi a yadin mutane ba. Guga da kalmasa kawai. Don haka idan na dawo gida sai in shimfiɗa takardun buhun siminti a tsakar ɗaki, in kunna bidiyo a waya, in yi ta yanka.

Ana nan sojoji suka karɓi mulki a Nijar, aka rufe iyaka. Wata 'yar uwar Babanmu daga Maraɗi, da muke kira Gwaggo, ta zo kasuwar Idumota sayen kayan haihuwar ɗiyarta ta fari, sai hanyar komawa ta toshe. Aka sauke ta a ɗakina, tabarmarta daidai inda nake yankan.

"Yaushe za ta tafi?" na tambayi Umma.

"Je ki tambayi waɗanda suka rufe iyakar. Ke dai bakinki ba linzami."

Sati uku ina tsallake ƙafafunta ina tsaki. Ran da ɗiyar ta haihu, sai washegari labari ya iso, don can babu wuta, wayoyinsu duk sun mutu. Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta buɗe jaka ta fito da atamfar fitar suna da ta sayo wa ɗiyar, ta ɗora a cinya tana shafawa. Ita ya kamata a ce tana dafa ruwan wankan jego. Na daɗe ina kallonta, sannan na kashe bidiyona na miƙa mata wayar.

"Gwaggo, ki danna nan ki yi magana. Duk ran da suka samu caji za su ji."

Ta yi ta bayani, ganyen da za a sa a ruwa, yawan kanwar kunu. Da ta gama ta ce, "Ke da ke ɓarnar takarda kullum, kin iya yanka na gaske?"

"Na iya. Kawo awonta."

"Wane awo? Tashi tsaye." Ta juya ni, ta dafa ƙuguna. "Kamar ke take. Ƙara taƙi guda nan."

Na zana da alli irin ɗinkin da ake yayi a Legas, matsattse, zif a baya. Ta leƙo.

"Ɗiyar nan, jaririn ta baya zai sha nono?"

Umma ta yi dariya har da riƙe ciki. Na goge allin, na mayar da buɗin gaba, na saki jikin rigar. Sannan na sa almakashi. Da safe na roƙi Madam keke, ta harare ni, ta duba yankan, ta ce da Yarbanci in zauna in ɗinka.

Wani direban motar albasa a kasuwar Mile 12 ya karɓi ƙunshin zuwa Katsina, daga can mai babur ya bi da shi ta daji. Kwana huɗu Gwaggo ba ta cin abincin kirki.

Hoton ya shigo da yammacin ranar suna. Maijego zaune cikin mata, jariri a cinya, rigata a jikinta. Gwaggo ta kai wayar dab da idonta, ta daɗe tana kallo.

"Ta rame," ta ce. Can kuma, "Hannun hagu ya ɗan karkace."

"Ita ce ta karkace wajen zama."

"To, uwar iyawa. Zubo mini tuwon nan, yunwa nake ji."