Furen da Na Bar wa Sanyi

Ni ba mai yawo ba ce. Daga ɗakinmu a Tremont, nan ƙasar Turawa, sai ɗan lambun unguwa da ke bayan benenmu, inda aka ba ni fangali guda. Dokar wurin ita ce, ranar da aka buɗe lambu bayan sanyi, fangalin da aka tarar fayau sai a ba wani. Shekarar farko sanyi ya kashe furen da na saya na dasa, shugabar lambun ta ɗaga mini ƙafa, amma ta ce ba ƙari.

Furen kanti manya ne, ruwan ɗorawa, sai dai raɓar ƙanƙara ɗaya ke kwantar da su. A gindin shinge kuwa akwai wani ɗan mitsitsi, shuɗi, mai fitowa da kansa, wanda ko dusar ƙanƙara ta danne shi zai miƙe. Na duba ganyensu na ga dangi ne. A garinmu na ga yadda babana ke hawa dabino ya ɗaura furen namiji a jikin mace, don haka ban tambayi kowa ba. Na ɗauko tsinken kwallina, na lakato garin furen na shinge na shafa a tsakiyar na kanti, na rufe da ƙyallen mayafi kada zuma ta yi mini shisshigi.

Iri ya nuna, na shuka a tukwane, ya tsiro. Da sanyi ya kawo jiki sai tausayi ya kama ni, na kwashe rabi na jera kusa da hita, har da lulluɓi.

Maigida ya leƙo ya ce, "Hajiya, jego ake yi? In aiko da kaji?"

Na ce, "Malam, ka dai aiko. Kai ma da safa biyu kake kwana."

'Yan gatan nan suka zuƙe, suka yi tsawo kamar taliya, suka zube. Ragowar da na dasa a fangali, saboda ba sauran wuri a ɗaki, sanyi ya kashe da yawa, ya bar masu taurin kai.

Ranar buɗewa shugabar ta tsaya a kaina. Ga su nan baje, ba su kai na kanti girma ba, ruwan ɗorawa da bakin shuɗi. Ta tambayi kantin da na saya. Na ce babu shi. Ta tsuguna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce fangali nawa ne, in ajiye mata iri.