Ƙyauren da Goggo Ta Buɗe

Goggo yayar mahaifina ce, kuma duk wanda ya san gonarmu ya san ita ce mai shanu. Mijinta, Kawu, yana gyara shinge, yana wasa lauje, yana tsokanarta, amma in saniya ta ƙi cin abinci Goggo ake kira. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta duk kanta saboda tatsa. Ni aikina in kai madara shaguna a babur, in dawo in wanke jarkoki. Yawancin abin da na sani game da ita a bakin famfo na ji shi, ina wanke jarka tana wanke bokiti.

An fi saninta da yayen maruƙa. Wasu masu shanu kan kwashe maruƙan su kai su nesa, inda uwa ba za ta ji kukansu ba. Goggo ba ta yin haka. Tana da shingen waya da ya raba filin gida biyu, da ƙyauren katako a tsakiya. Tun kafin yaye take zuba wa maruƙan dusa da busasshiyar ciyawa a kwami don su saba. In lokaci ya yi, uwaye gefe guda, 'ya'ya gefe guda. Suna ganin juna, uwa ma takan zuro harshe ta ramin waya ta lashi goshin ɗanta, amma hantsa ta yi masa nisa. Kuka kam sai an sha shi. Dokarta ɗaya ce, kuma kowa a gidan ya haddace ta:

"Ba a buɗe ƙyauren nan don tausayi. In ka buɗe sau ɗaya, ka koya masa cewa kuka mabuɗi ne."

Goggo ba ta yi makaranta ba. Malama, tsohuwar da ke jagorantar zumuntar mata a cocinmu, ita ta koya mata karatu bayan ta yi aure, a kan benci a bayan coci. Tun daga lokacin, kullum in ta gama tatsar safe sai ta cika kwalba da madara ta nufi gidan Malama. Malama ta karanta Maganar Allah, ta yi addu'a, Goggo ta ce amin. Ko bijimi za a sayar, ko surukarta ta ɓata mata rai, ko gwiwa ce ke ciwo, can ake kai maganar.

"Uwar shanu," in ji Kawu, "ke ko atishawa za ki yi, sai kin je kin tambayi Malama ko ya halatta."

"Kai da ba ka tambayar kowa, ina ka kai?" in ji ta.

A bara idon Malama ya yi rauni sosai, ɗanta ya ce zai zo ya tafi da ita birni, can nesa. Kafin ya zo Malama ta tara matan zumunta ta ce Goggo ce za ta riƙa jagorantar addu'a da karatu a bayanta. Ran nan a bakin famfo Goggo ta wanke bokiti ɗaya har sai da na karɓe shi daga hannunta.

"Ɗana," ta ce, "ni da bakina bai taɓa wuce amin ba? In ta tafi, wa zai yi wa Allah magana a madadina?"

Na ci gaba da ɗauraye jarka. Ta ce ta riga ta share ɗakin da muke ajiye buhunan dusa, za ta roƙi Malama ta dawo gona da zama.

Wannan ya zo daidai da lokacin yaye. Cikin maruƙan akwai wani jan maraƙi da muke kira Ɗan Lele, ɗan Baƙa, saniyar da ta fi kowace madara. Baƙa ta riga ta ɗauki wani cikin, ta fara ramewa, don haka dole a cire mata shi. Sauran maruƙan suka yi kukansu suka gaji suka koma kwami. Ɗan Lele kuwa sai kai da komowa a jikin waya, har ya fitar da hanya a ƙasa, muryarsa ta dishe.

Wata rana da azahar na dawo daga shaguna na tarar da ƙyaure a buɗe. Ɗan Lele yana ƙarƙashin uwarsa, wutsiya na kaɗawa, kumfa a baki. Goggo na tsaye da igiyar ƙyauren a hannu. Kawu ya ajiye guduma ya riƙe baki.

"Yau na ga abin da ya fi ƙarfina. Alƙali da kansa ya haura katanga!"

"Ka bar shi ya sha," in ji ta, ba ta ko dube shi ba. "Me ya yi da za a raba shi da uwarsa?"

Abin bai tsaya a ranar ba. In ya yi kuka ta buɗe, in ya ƙoshi ta mayar da shi. Ya daina kallon kwami ma sam. Baƙa kuwa haƙarƙarinta ya fito, tafiya ma da ƙyar, har muka fara tsoron kada ta zubar da cikin. Kawu ya daina wasa. Wata safiya ya ari babur ɗina bai ce inda za shi ba, ya dawo da Malama a baya, ta rungume sandarta.

Malama ta ce a kai ta wurin saniyar. Da yake ba ta gani sosai, hannu ta sa ta shafa gadon bayan Baƙa, ta gangaro kan haƙarƙari tana bi ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ke buɗe ƙyauren?"

"Ni ce, Malama."

"Ke? Ke da kika cika mini kunne da cewa kuka ba mabuɗi ba ne?"

Goggo ta sunkuyar da kai, ta fara maganar ɗakin da ta share, da taga mai kyau, da yadda iskar gona za ta yi wa Malama daɗi. Malama ta bari har ta gama.

"Ƙanwata, ni ma na daɗe ina buɗe miki ƙyaure. Hirarki na yi mini daɗi, madararki ma haka, shi ya sa ban taɓa cewa ki yi da kanki ba. Kin iya karatu tun tuni. Haƙoranki sun fito, ni kuma ga shi na rame kamar Baƙa." Ta yi dariya, ta dogara sandarta. "Yanzu yi mana addu'a."

"A nan? Cikin kashin shanu?"

"Wanda za ki yi wa maganar ai a kwamin dabbobi aka fara kwantar da shi. Ya san warin."

Kawu ya cire hula. Muka rufe ido. Na ɗauka ba za ta iya ba. Can sai na ji muryarta, ƙasa-ƙasa.

"Ya Uba, ni ce. Ka san ni, ni ce mai cewa amin. Ga Baƙa, na cuce ta, ka riƙe mata cikinta. Ga wannan ja'irin, ka nuna masa kwami. Ga Malama za ta tafi, ni kuwa tsoro nake ji. Ban iya magana ba, amma ka ji dai." Ta ɗan tsaya. "Ga kuma bakin mijina, ka san yadda za ka yi da shi. Cikin sunan Yesu."

Amin ɗin Kawu ya fi na kowa ƙarfi. Malama tana share ido da gefen ɗankwali tana dariya. Goggo ta kama Ɗan Lele a kunne ta tura shi ɓangarensa, ta ja ƙyaure ta ɗaure igiya, ta ƙara ƙulli a kai.

Kukan da ya biyo baya ya fi na farko muni, kamar yadda ita da kanta ta sha faɗa. Ana cikin haka ɗan Malama ya zo da mota ya tafi da ita. Goggo ta raka su bakin hanya ta dawo, ta ɗauko kujera ta ajiye a jikin shingen, ta juya wa maraƙin baya. Duk safiya bayan tatsa nan take zama da littafinta na Maganar Allah, tana bin layi da yatsa, tana karantawa a fili. Shi yana kuka, ita tana karatu. Kawu ya ce bai san wanda zai fara gajiya ba.

Wata safiya ina ɗaure jarkoki a babur sai na ji wani abu ya canza. Gonar ta yi tsit. Goggo ta yafuto ni da hannu, ta ɗora yatsa a leɓe. Ɗan Lele na tsaye a kwami, dusa har hanci. Da ya ƙoshi ya je ya kwanta a jikin waya, Baƙa na kwance a ɗaya gefen, su biyun suna tuƙa, babu mai neman wani abu wurin wani. Goggo ta sauke numfashin da na ji har inda nake.

"Ka ga ɗan banza," ta ce. "Ashe ya iya."

Baƙa ta murmure, cikin ya zauna, daga baya ta haifi mace.

Ranar da Goggo za ta fara jagorantar mata ni na kai ta coci. Na jingine babur a ƙarƙashin taga, ina jin komai. Ta yi tuntuɓe a kan wata doguwar kalma, wata mata ta gyara mata, ta ce, "Yawwa, na gode, 'yar'uwa," ta ci gaba. Da aka zo addu'a ta fara da nata salon, "Ya Uba, mu ne," babu kuwa wadda ta yi dariya.

Da suka fito ta hau bayana, ta gyara zama. Na tambaye ta yadda ta ji.

"Kamar na sauke buhun dusa," in ji ta. "Da yamma ka kira mini Malama a waya, na ji an ce ƙafa na damunta, in yi mata addu'a. Ja mu tafi, ɗana, shanu na jira."

Ta dafa kafaɗata, na tayar da babur.