Ranar da inna ta koya mini faɗin farashina

Shekarun baya, bayan na gama karatun kwamfuta a Aliero, wani kamfani a Abuja ya kira ni intabiyu ta bidiyo, suna neman ƙaramin mai rubuta manhaja. Na ari riga mai kwala wajen abokina, na hau saman shagon kawuna a Jega saboda nan ne sabis ɗin waya ke tsayawa.

Sau uku suna kirana. Har aiki suka ba ni na kwana biyar, na yi musu kyauta ina murna. A zama na ƙarshe wata mata ta tambaye ni nawa nake so a biya ni. Ni kuma, wai ladabi, na ce, "Duk abin da kuka ga ya dace." Abin da suka ga ya dace ko hayar ɗaki a Abuja ba zai biya ba. Dole na haƙura.

Mahaifiyata albasa take sarowa daga garin Kashin Zama tana sayarwa. Da na ba ta labari, ta ajiye tiren da ke hannunta.

"Mi kac ce musu?"

Na maimaita.

"Kai ɗan nan! Shekara nawa kana ganina kasuwa? Ka taɓa jin na ce ma mai saye ya ba ni abin da ya ga dama? Zamna nan, ni ce kamfanin."

Sati guda tana yi mini intabiyu a tsakar gida. Ba ta san ko harafi ɗaya na aikina ba, amma da na faɗi kuɗi na fara kame-kame sai ta daka mini tsawa: "Ka faɗi, ka yi shiru! Wa ya tambaye ka dalili?"

Ni ma na yi nawa. Na bi waɗanda suka riga mu fara aiki ɗaya bayan ɗaya, na tambaye su albashinsu, duk da wasu sun ji haushin tambayar.

Bayan wata huɗu wani kamfanin ya kira. Da aka zo maganar albashi, na faɗi adadina, na kama bakina. Mai yi mini intabiyun ya jira in ƙara magana, ban ƙara ba. Can ya ce adadin ya yi yawa ga sabon shiga. Na ce to su dubi aikin gwajin da na riga na tura musu. Muka rabu a kan za su neme ni.

Sati biyu ba labari, har na fara cewa inna ta jawo mini. Sai ga saƙonsu: sun rage kaɗan, amma sun haɗa da kuɗin data, kuma daga gida zan yi aikin.

Abin da na koya shi ne kunya ba ta cikin sharuɗɗan aiki. Har yau ina jin nauyi in zan faɗi farashina, amma ina faɗa. Inna kuwa, da na karanta mata saƙon, cewa ta yi, "Sun rage, kai kuma ka yarda? Ka yi araha."