Malam Datti da Fuskar Duniyar Mas

Ranar Talata, tara ga watan Agusta 1977, ina kan teburin zane a ofishin safiyo, Bala direba ya shigo ya tsaya a kaina. Da na ɗago sai ya ce, "Luka, Malam Datti ya cika ɗazu da hantsi." An sallace ka bayan azahar a ƙofar gidanka a Rafin Guza, ana yayyafi. Ni da 'yan cocinmu uku muka tsaya daga gefe, da aka ɗauke ka muka bi sahu har maƙabarta.

Malam, shekara tara ke nan da na zo Kaduna daga ƙauyenmu na kudu, da takardar makaranta da akwatin kwano, ban san kowa ba. Aka tura ni sashen da kake shugabanta, inda ake duba hotunan da jirgin sama ya ɗauko a fitar da taswira. Da ka ji a tashar Kawo nake kwana, ka kai ni gidanka, ka ce wa matarka Inna Kaltume ta share ɗakin zaure. Wata bakwai na yi a nan. Ranar Lahadi kai kake buga mini ƙofa kada in makara coci.

A makon farko ka ajiye mini hoton wani dutse, ka ce me na gani. Na ce tudu. Ka juya hoton sama ya koma ƙasa, sai tudun ya zama rami a idona. Ka ce inuwa ce take wasa da ni, kuma daga ranar kada in yarda da hoto ɗaya. Sai an sami biyu da aka ɗauka daga kusurwa dabam, a jera su ƙarƙashin tabarau mai ƙafafu, sannan ƙasa take tasowa da tsayinta na gaskiya. Duk da haka na taɓa zana rugar Fulani a inda babu komai sai duwatsu zagaye. Ka gyara da hannunka kafin ta kai gaban Baturen da ke shugabancin ofishin, ba ka faɗa wa kowa ba. Wata rana kuma dukanmu muka ce wani dogon layi inuwar kwari ce, kai kaɗai ka ƙi sa hannu. Ka sa Bala ya kai mu, muka yi tafiyar wuni a ƙasa, muka tarar da rusasshiyar ganuwa ta wani gari da aka manta. Mutumin da ya taka rabin Arewa da ƙafarsa, shi ne ciwo ya kwantar.

A watan Mayu 1975 ɓarin jikinka na hagu ya shanye. Daga asibiti aka dawo da kai wannan ɗaki mai taga ɗaya, tagar kuma katangar maƙwabci take kallo, tazarar da ba ta fi kamu uku ba. Mota ba ta shiga lungun gidan, da damina ruwan kwata yakan cika shi. Harshenka ya yi nauyi, bakinka ya karkace. 'Yan dubiya sukan zauna su tambayi Inna, "Ya ci abinci? Yana gane mutane kuwa?" kana kwance kana jin su. Sannu a hankali ƙafa ta ɗauke.

Bara, cikin damina, na sami wata mujalla mai ɗauke da hoton da kumbon Amurka ya aiko daga duniyar Mas. A tsakiyar fili ga wani tsauni, kuma duk wanda ya kalle shi fuskar mutum zai gani: ido, hanci, baki, tana kallon sama. Masanan da suka fitar da shi sun ce haske da inuwa ne kawai. A ofis gardama ta kaure, wasu na cewa ginin wasu halittu ne, wasu na cewa aljannu. Na kawo maka don ka yi dariya.

Ba ka yi dariya ba. Ka sa Sa'adiya, 'yarka, ta ɗauko gilashinka na ƙara girma, ka fi rabin sa'a kana dubawa. Ka nuna mini cewa rana ta yi ƙasa sosai lokacin da aka ɗauka, shi ya sa rabin fuskar ke cikin duhu. Ka nuna mini ɗigon baƙin da ya zama ƙofar hanci, ka ce irinsa ne warwatse ko'ina a hoton, aibin na'ura ne. Na ce to, magana ta ƙare, inuwa ce. Ka girgiza kai, ka ɗaga yatsa ɗaya. Hoto ɗaya ne.

Shekara guda ka yi da wannan hoto. An kafe shi a bango daidai inda idonka yake sauka. Ka sa Sa'adiya ta rubuta wa masu mujallar wasiƙa har sau uku, kana roƙon hoto na biyu daga wata kusurwa. Jimla ɗaya takan ci muku kwata na sa'a, kana faɗa tana kasa kunne tana maimaitawa. Duk ranar Juma'a da na shigo, kafin mu gama gaisawa idonka yana kan hannuna, ko akwatin gidan waya ya kawo wani abu. Inna Kaltume ita ba ta ga abin wahala ba. Takan ce wanda Ya yi tsaunin Shi Ya yi hasken, Shi kuma Ya yi idon da ke ganin fuska, to ina abin gardama. Kakan yi murmushi da rabin bakinka, ka ce ba wannan ake tambaya ba.

Akwai abin da nake so in roƙi gafararka a kai. Wata Juma'a na zo a gajiye, ka sake tambayar wasiƙa, na ce, "Maigida, don Allah ka bar wannan abu. Dutse ne. Babu kowa a ciki." Ka mai da idonka kan hoton da ke bango. Sannan da ƙyar ka ce, "Haka suke cewa a kaina, Luka. Su leƙo sau ɗaya su tafi." Na rasa inda zan sa kaina. Na gane ba wai ka yarda an sassaƙa fuskar ba ne. Kai da bakinka ka ce mini tara cikin goma inuwa ce. Amma shi ne aiki ɗaya da ya rage maka a duniya, kuma ba ka saba rufe fayil kafin a gama bincike ba.

A ƙarshen Yuli ka ce kana so ka ga sarari, ko na sa'a ɗaya, wurin da ido zai yi tafiya bai ci karo da katanga ba. Muka shirya da Bala: zai kawo Landiroba bakin titi, mu huɗu mu ɗauko ka a kujera ta lungun, mu bi hanyar Zariya har inda duwatsu suke. Asabar ta farko ruwa ya hana. Ta biyu aka tura ni rangadi, na ce a bari sai ta sama. Sa'adiya ta gaya mini ka sa an wanke farar rigarka an goge tun ranar Litinin. Ka rasu ranar Talata. Amsar wasiƙun ba ta zo ba har yau.

Allah Ya jiƙanka, Malam Datti. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, Ya sa jinyar nan ta zama kaffara, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙaninka Malam Abubakar, da Sa'adiya wadda ta ajiye karatunta na horon malamai ta zama bakinka da hannunka, da ƙanwarta Hasana, da dukan abokan aiki na sashen taswira.

Ke kuma Inna Kaltume, ban san da wace kalma zan yi miki gaisuwa ba. Shekara biyu da wata uku ba ki wuce bakin lungun nan ba, ko suna ko biki, don babu mai juya shi sai ke. Ranar sadakar uku na ji kina tambayar mata ko gaskiya ne an yi sababbin shaguna a Kawo. Yanzu kuma ga takaba, wata huɗu da kwana goma, a ɗakin nan dai. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya saka miki da abin da mu ba za mu iya ba. Ranar da kika fita, in Allah Ya kai mu, ni da Bala muna bakin titi da mota.

Luka Iliya
Unguwar Dosa, Kaduna